Mossberg 500 ko Glock 19: wadda na ajiye don tsaron gida, da dalilina

Bindigogi biyu nake da lasisin riƙewa, kuma na daɗe ina atisaye da su: doguwa ƙirar Mossberg 500 mai geji 12 (geji ma'aunin faɗin bututu ne, ƙaramar lamba ita ce bututu mafi faɗi), da fistol ƙirar Glock 19 mai cin harsashin milimita 9. A raina Mossberg na fi so. Amma da za a ta da ni cikin dare a ce ga motsi a ƙofa, Glock hannuna zai nufa. Dalilan da suka kai ni ga haka su zan shimfiɗa a nan, domin yawancin masu ba da shawara kan wannan magana ƙarfin bindiga kawai suke dubawa, su manta da gidan da za ta zauna da mutanen da ke cikinsa.

Kafin komai akwai doka, kuma ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Birtaniya ta haramta wa farar hula mallakar yawancin fistol tun 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996. Kanada ta dakatar da saye da sayar da fistol a 2022. A ƙasashe da dama doguwar bindigar farauta kaɗai ake ba mutum izini a kanta, wasu kuma ba sa karɓar tsaron kai a matsayin hujjar neman lasisi. Idan dokar inda kake ta riga ta yanke maka zaɓi, magana ta ƙare. Abin da zan faɗa na wanda aka ba damar zaɓa ne ta halastacciyar hanya.

Mossberg 500 irin bindigar nan ce da ake kira fam akshan, wadda kake jan mariƙin gabanta baya ka mayar gaba kafin kowane harbi. Kamfanin O.F. Mossberg & Sons na Amurka ya fito da ita tun farkon shekarun 1960, kuma an ƙera sama da miliyan goma. Babbar abokiyar gasarta ita ce Remington 870 ta 1950, wadda jikinta ƙarfe ne zalla, na Mossberg kuwa alminiyam. Tawa bututunta inci 18.5 ne. Wannan rabin incin ba a banza yake ba: dokar Amurka ta 1934 ta sa tsauraran sharuɗɗa a kan irin wannan bindiga idan bututunta bai kai inci 18 ba, shi ya sa masu ƙira suke ɗan ƙara tsawo don su tsaya a gefen aminci. Tsawonta gaba ɗaya ya kai kusan mita guda, nauyinta wajen kilo uku. Tana ɗaukar harsashi biyar a bututun ƙasa, na shida a ɗakin harbi.

Abin da ya sa na zaɓe ta a kan 870 shi ne inda aka sa maɓallin sefti. A Mossberg yana sama, a bayan jikin bindigar, daidai inda babban yatsanka yake sauka. Ka tura shi gaba, jan ɗigo ya bayyana, ka san a buɗe take. Bahago da mai dama duk ɗaya ne a wajenta, kuma ba sai ka juya bindiga ka leƙa gefe ba. Wani abin da sai wanda ya yi ta lodi zai gane daɗinsa: cokalin da ke ɗaga harsashi yana maƙale a sama idan bindigar na rufe, don haka ƙofar lodi ta ƙasa a sarari take, babu abin da zai matse maka yatsa. Ko idona a rufe ina iya cusa harsashi in ji ƙarar shigarsa.

Tana da abubuwan da ba su burge ni ba. Mariƙin gaban yana ɗan girgiza yana ƙara idan ka motsa ta, haka ƙirar take, ba lalacewa ba ce, amma a gida mai shiru ana ji. Maɓallin seftin da kewayen kunama na roba ne mai tauri. Wanda yake son na ƙarfe sai ya nemi Mossberg 590A1, wadda sojojin Amurka suka yi amfani da ita, sai dai ta fi nauyi. Sannan idan ka sauya mata gindi ka sa irin mai mariƙin fistol, wannan maɓalli na sama da nake yabo sai ya yi wa yatsa nisa. Ni na bar mata gindinta na asali.

Wajen ƙarfi kuwa babu haɗi. Harsashin da aka fi amfani da shi don tsaro, mai lamba 00, yana ɗauke da ƙwayoyin dalma tara, kowace faɗinta milimita 8.4, kuma suna fita tare da gudun da ya kai wajen mita 400 a daƙiƙa guda. Idan aka auna ƙarfin da ke fita daga baki, harbi ɗaya na wannan ya ninka na milimita 9 sau huɗu zuwa biyar. Kuma doguwar bindiga ta fi sauƙin saiti, saboda jikinka yana riƙe da ita a wuri huɗu: hannu biyu, kafaɗa da kunci. Sabon shiga da aka nuna masa tsayuwa daidai zai fi saurin samun tsakiyar takarda da ita fiye da fistol. Duk wanda ya ce maka fistol ta kai ta wajen tsayar da mahari, bai gaya maka gaskiya ba.

Sai dai akwai maganganu biyu da ake yawan yaɗawa a kanta waɗanda suke ɓata mini rai, domin suna iya jawo asarar rai. Ta farko ita ce wai ba ta buƙatar saiti, ka nuna ta wajen ƙofa kawai ka danna, ƙwayoyin za su cika ɗaki. Na auna wuri mafi tsawo a cikin gidana, daga ƙofar ɗakin kwana zuwa ƙarshen baranda, sannan na kafa takarda a daidai wannan nisa a filin atisaye. A mita biyar, ramukan tara duka sun taru a wurin da tafin hannuna zai rufe, ga kuma wani rami dabam a gefe wanda robar da ke tura ƙwayoyin ta huda. Ƙa'idar da maharba suka saba bi ita ce ƙwayoyin suna buɗewa kamar inci guda a kowane yadi guda. Da harsashin kamfanin Federal mai FliteControl, wato robar tura ƙwayoyi da ke riƙe su wuri ɗaya, abin ma ya fi haka matsewa, kusan rami ɗaya ne babba. Ke nan a cikin ɗaki kuskure da ita abu ne mai sauƙi, kuma idan ka kuskure, ƙwayoyi tara ne suka tafi inda ba ka nufa ba.

Ta biyu ita ce wai ƙarar ɗana ta kaɗai ta isa ta kori ɓarawo. Wataƙila ta kori wani. Wani kuwa abin da ka yi shi ne ka sanar da shi inda kake tsaye. Ban yarda mutum ya gina tsaron iyalinsa a kan fatan cewa wanda ya shigo matsoraci ne ba.

Wasu kan ce to a zuba mata ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu don kada su ratsa bango. A nan ma ban goyi baya ba. Bayan musayar wutar da aka yi a birnin Miami na Amurka a 1986, inda jami'ai biyu na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, suka mutu, hukumar ta kafa ma'auni cewa harsashin tsaro ya kamata ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren sinadarin gwaji da ke kwaikwayon tsokar jiki. Ƙwayoyin tsuntsu ba sa kusantar wannan. Suna yin mummunan rauni a sama, amma ba lallai su tsayar da mutum ba. Abin da ya isa ya tsayar da mahari kuwa zai ratsa ƙofar katako, da taga, da siririn bangon da ke raba ɗakuna, ko daga Mossberg ya fito ko daga Glock. Bangon bulo ko kankare ya fi tarewa, amma babu gidan da ba shi da ƙofa da taga. Don haka wajibi ne ka san wane ne yake kwana a bayan kowane bango kafin ranar ta zo.

Inda Mossberg ta fara faɗuwa a gidana shi ne ranar da maiɗakina ta gwada ta. Gindin bindigar an yi shi ne don mai dogon hannu, wajen inci 14 daga kunama zuwa kafaɗa. Da ta ɗora ta, sai na ga ta karkata baya don ta iya ɗaukar nauyin gaban, gindin kuma ya zame daga kwarmin kafaɗa ya sauka a damtse. Shurin da bindigar ta yi mata ya bar shaida a wurin har kwanaki. Na sa mata harsashi mai rangwamen shuri, wanda gudunsa bai wuce mita 350 a daƙiƙa ba, abin ya yi sauƙi ƙwarai. Amma sai wata matsalar ta fito, wadda nake gani wajen masu koyo da yawa: saboda hannunta ya miƙe har ƙarshe, ba ta jan mariƙin ya kai baya sosai kafin ta mayar. Wani lokaci tsohon kwanso ya ƙi fita, wani lokaci sabon harsashi ya ƙi hawa, ta danna kunama ta ji shiru. Wannan ba laifin bindiga ba ne, fam akshan tana son a ja ta da ƙarfi har ta buga, a mayar da ƙarfi har ta kulle. Amma abin da ya faru da rana tsaka, hankali kwance, me zai hana shi faruwa cikin duhu ana firgice? Ana iya sa gajeren gindi, ana iya komawa geji 20, ko da yake mai geji 20 sau da yawa ba ta da nauyi, don haka shurin bai ragu kamar yadda ake zato ba.

Glock 19 kuwa 'yar Ostiriya ce. Gaston Glock, wanda bai taɓa ƙera bindiga ba kafin nan, shi ya fito da Glock 17 da sojojin ƙasarsa suka karɓa a farkon shekarun 1980, sannan 19 ta biyo a 1988 a matsayin wadda aka ɗan rage wa girma. Jikinta na ƙasa roba ce mai ƙarfi, bututunta milimita 102, magazin ɗinta na cin harsashi 15, kuma ko an cika ta ba ta kai kilo guda ba. Tawa zubi na biyar ce na wannan ƙira, wadda ta fito a 2017, inda aka cire gurbin yatsu da ke jikin mariƙi. Na ji daɗin wannan, don gurbin nan bai taɓa dacewa da hannun kowa da kowa ba. Ba kyakkyawar bindiga ba ce, kuma ba ta da wani armashi a hannu. Abin da take da shi shi ne ba ta cika cijewa ba, sassanta kaɗan ne, gyara da wankinta ba wuya.

Harbi da ita daidai ya fi wuya nesa ba kusa ba. Kunamarta na buƙatar matsin da ya kai wajen kilo biyu da rabi, alhali bindigar kanta ba ta kai kilo ɗaya ba. Wato yatsanka yana yin ƙarfin da ya ninka nauyin abin da kake riƙe da shi, ɗan fizga kaɗan sai baki ya kauce. Shi ya sa za ka ga takardar sabon mai harbi da hannun dama ramukanta sun taru ƙasa ta hagu. Wannan ba ya gyaruwa sai da maimaici. Abin daɗin shi ne milimita 9 ba ya gajiyar da jiki, kana iya yin dogon atisaye ka tashi lafiya, abin da kafaɗa ba za ta yarda da shi ba a geji 12. FBI ma da ta bar wannan harsashi bayan Miami ta koma masa a tsakiyar shekarun 2010, bisa hujjar cewa sabbin harsasai masu rami a goshi, waɗanda ke buɗewa idan sun shiga, sun inganta, kuma jami'anta sun fi samun saiti da shi.

Wanda zai saye ta ya san abu biyu. Ba ta da maɓallin sefti na waje. Tana da matakan kariya uku a ciki waɗanda ke hana ta tashi idan ta faɗi, amma da zarar yatsa ya ja kunama, idan akwai harsashi a ɗakin harbi, za ta tashi. Sannan kafin ka kwance ta don wanki dole ka danna kunama. Saboda haka al'adar cire magazin da farko, sannan a ja murfin sama baya a duba ɗakin harbi da ido, a taɓa da yatsa, ba abin wasa ba ce. Ni ba na barin harsashi ko ɗaya a ɗakin da nake wankinta. Saitin robar da take zuwa da shi ma bai gamsar da ni ba, na sauya shi da na ƙarfe mai ɗigon da ke haske cikin duhu. Haka kuma mai raunin hannu na iya shan wahalar jan murfin, ko ya riƙe ta sako-sako ta ƙi fitar da kwanso. Irin wannan mutum ya duba libarba kamar Smith & Wesson 686, wadda ke cin .357 Magnum da kuma .38 Special mai sauƙin shuri, ko da yake harsashi shida ko bakwai kawai take ɗauka, kunamarta kuma ta fi tauri.

To me ya sa duk da haka na zaɓe ta? Yarana ba a ɗakina suke kwana ba. Da ni da maiɗakina ne kaɗai a gidan, tsarina mai sauƙi ne: a kulle ƙofar ɗaki, a tsaya a bayan abin kariya, a kira 'yan sanda, a ɗaga murya a gargaɗi wanda ke waje, a jira. A wannan tsari Mossberg ba ta da na biyu, kuma shi ne tsarin da duk malamin harbi na ƙwarai zai ba ka, don fita farautar ɓarawo ɗaki-ɗaki aikin ƙwararru ne masu tafiya a ƙungiya. Amma ni dole in fita in tattaro yara. Na gwada da bindigar babu harsashi: ga ƙofa zan murɗa, ga waya a kunne, ga ƙaramin yaro mai barci da zan saɓa a kafaɗa. Fam akshan na son hannu biyu a kowane harbi. Bututunta kuma yana riga ni leƙa kowace kwana, wanda ya laɓe a gefe zai iya cafke shi. Glock tana manne da ƙirjina, bakinta na kallon ƙasa, ɗaya hannun nawa yana aiki. Maiɗakina kuma tana harbi da ita da natsuwa, har tana neman mu je atisaye, abin da ba ta taɓa yi ba game da Mossberg.

Duk wadda ka zaɓa, kada ka ajiye ta ba tare da tocila ba. Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a jihar Arizona, ya taƙaita ƙa'idojin riƙe bindiga zuwa huɗu, ta ƙarshensu ita ce ka tabbatar da abin da kake hari da abin da ke bayansa. Motsin dare a mafi yawan lokuta ɗan gida ne: yaro ya tashi shan ruwa, ɗan'uwa ya dawo a makare. Harsashin da ya fita ba ya dawowa. Ina da fitila a ƙarƙashin bututun Glock, amma ina da tocilar hannu dabam, saboda haska mutum da fitilar bindiga daidai yake da nuna shi da bindiga. Ka kuma tanadi abin toshe kunne. Ƙarar harbi tana haura desibel 150, abin da ke lalata ji nan take kuwa yana farawa ne daga wajen 140, cikin rufaffen ɗaki abin ya fi muni. Akwai na lantarki da ke rage ƙarar harbi amma ya bar ka kana jin magana da takun ƙafa.

Akwai gidan da zan ce kada a kai ko ɗaya daga cikin biyun, kuma da gaske nake. A Amurka, inda aka fi tattara alƙaluma kan wannan, mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a 2021, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. Idan akwai mai fama da ciwon damuwa a gidanka, ko mai shaye-shaye, ko ana yawan faɗan da ke kai wa ga duka, haɗarin da ke cikin gida ya fi na waje. Ƙofa mai ƙarfi, makulli na kirki, fitilun waje da ƙararrawa sun fi maka alheri, kuma ko mai bindiga da su ya kamata ya fara.

Ajiya ce ta ƙarasa yanke mini hukunci. Seftin yawancin fam akshan kunama kawai yake tarewa, ba ya ba da tabbacin cewa ba za ta tashi ba idan ta faɗi da ƙarfi, shi ya sa ake ajiye ta ɗakin harbi babu komai. Ga ta kuma da tsawon mita guda, kulle ta yadda yaro ba zai kai gare ta ba amma kai ka same ta da sauri yana buƙatar doguwar ma'ajiya ko maƙalar bango mai makulli. Mossberg ɗina tana cikin babbar ma'ajiyar ƙarfe, harsasanta a wani wuri dabam. Glock kuwa tana cikin ƙaramin akwatin ƙarfe da na ɗaure da noti a jikin gado, don kada a ɗauke shi gaba ɗaya. Na guji mai karanta zanen yatsa, saboda yatsa mai gumi ko maiƙo yakan sa ya ƙi buɗewa, ga batir da kan mutu ba sanarwa. Nawa mai maɓallai ne na inji, babu batir, ana danna su bi da bi a murɗa. Mu biyu kaɗai muka san jerin, ba ma buɗe shi a gaban yara, kuma lokaci-lokaci mukan kashe fitila mu gwada buɗewa da laluben hannu, bayan mun tabbatar babu harsashi a bindigar.